Ajiyar Mushe Idi a Bankin Tawa

Tun da na dawo daga Tawa ba a bar ni na zauna kan keken ɗinkina lafiya ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ce, "Garba, ba mu labarin Nijar." Wani ya tambayi cuku, wani ya tambaya ko gaskiya ne jandarmominsu ba su dariya. Nakan ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. To yau zan faɗa gaba ɗaya in huta, amma mai jiran labarin daɗi ya yi haƙuri.

Ba yawon ganin gari ya kai ni ba. Yayata Hadiza, wadda nake bi, ta auri wani malamin makaranta ɗan Nijar mai suna Idi, mutumin wani ƙauye gaba da Barmu. Can malamin boko mushe ake ce masa, shi ya sa har mu nan Gwadabawa Mushe Idi muke kiransa. Shekara goma sha ɗaya suna zaune a Tawa, da 'ya'ya uku. Da bazara sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana huɗu. Da Yaya ta fita takaba ta kwaso yaran ta dawo gida, ashe da ƙullutu a nononta na hagu, ta ɓoye wa kowa har ya hana ta ɗaga hannu. Likita a Sakkwato ya ce sai an yi aiki, kuma kada a wuce wata guda. Ya faɗi kuɗin. Muka sayar da abin da ke sayuwa a gidan, bai kai rabi ba.

Ranar ne ta sa aka buɗe kwallarta, ta ciro wani ɗan littafi shuɗi na ajiyar banki, wanda su can suke kira karne.

"Marigayi ya ce mini in ya riga ni kada in roƙi kowa," in ji ta. "Ka tai ka amso, Garba. Kwana uku ka komo."

Na je kotunmu aka rubuta mini takardar wakilci, ta dangwala hannu. Na ɗauki riga biyu kacal, tunda kwana uku ne.

Daga Illela ɗan kabu-kabu ya tsallaka da ni Ƙonni. A shingen Nijar wani jandarma ya miƙo hannu ya ce, "Kart." Na ba shi rasidin haraji da katin ƙungiyar teloli. Ya juya su gaba da baya, ya nuna mini gindin wata bishiya. Na zauna nan tun hantsi har azahar, ba zagi, ba tambaya, ba ma kallo. Namu in sun tare ka suna surutu kuna ciniki, har ka san inda aka dosa. Waɗannan shiru suke maka har ka fara tuhumar kanka. Sai da wata mai fura ta gaya mini abin da ake yi, na yi, aka miƙo mini takarduna.

A Ƙonni na canza naira zuwa sefa, kuma nan na fara jin kunya. Na sayi burodi irin nasu, dogo kamar sanda, mai shi ya ce ashirin. Na ƙirga sefa ashirin na ba shi, ya dube ni kamar na zage shi. Ashe su da dala suke ƙirga, dala guda sefa biyar, ashirin ɗinsa ɗari ke nan. Sefa dubu kuwa jika suke ce mata. Ku riƙe wannan, don da jika za a yi sauran maganar.

Mun iso Tawa bayan la'asar. Yaya ta ce in nemi abokin aikin mijinta, Mushe Yakubu, wani Kirista mutumin wajen Maradi. Ban taɓa kwana gidan wanda ba Musulmi ba, kuma ba zan ɓoye ba, da ɗar-ɗar na yi sallama. Da na faɗi sunan Idi sai ya riƙe hannuna ya ja ni cikin gida. Matarsa Madam Rahila, ma'aikaciyar asibiti, ta share mini ɗakin zaure, ta kawo buta da tabarma, ta nuna mini gabas da hannunta. Wata biyar ke nan ba a biya ko ɗayansu albashi ba. Tuwon gero da miyar kuka sau ɗaya a rana, da safe kunu. Ni dai ban taɓa jin an ce baƙo ya daɗe ba.

Da safe na tafi banki. Na yi layi har na kusa kai ga taga, sai aka ja ƙarfe aka rufe. Wai rana ta yi tsaka, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai wajen uku da rabi. Haka duk ofisoshinsu suke. Gari ya mutu ɗungurungum, har karnuka sun shige inuwa. Da aka buɗe aka tura ni wurin wani siririn mutum mai tabarau, shi ke kula da ajiyar mamata.

"Kai mi kake ga mamacin?"

"Ƙanen matarsa ne ni."

"To ba ka cikin magada. Amma zamna in gwada maka yadda abin yake." Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan takarda. "Muna da iyaka. In ajiya ba ta kai jika ɗari biyar ba, takardar mutuwa, takardar magada daga ofishin magajin gari, shaidu biyu, mu biya ranar nan. In ta wuce, ko da dala guda, sai da hukuncin alƙali."

Na ji sanyi a raina, don Mushe Yakubu ya karanta mini karnen, jika ɗari huɗu da sittin da takwas ne a ciki. Na faɗa masa. Ya tashi ya ɗauko wani babban littafi, ya bi layi da yatsa, ya tsaya.

"Ɗari biyar da goma sha ɗaya."

"Ranka ya daɗe, ga shi nan a rubuce."

"Wannan rubutun tun yana da rai ne. Bayan ya rasu an biya ma'aikata albashin wata guda cikin waɗanda suke bi. Nasa ya shigo nan."

Albashin da Mushe Idi ya yi ta jira yana raye bai zo ba, sai da aka binne shi ya zo ya tura ajiyarsa bayan layi. Na ce a mayar musu da kayansu mana, mun yafe. Na ce a cire sha biyun a ba masallaci. Mutumin ya cire tabarau ya murza ido.

"Malam, kuɗɗin mamaci shiga suke yi, ba su hita. In na taɓa dala guda ni za a ɗaure."

Na gaya masa halin da Yaya ke ciki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma na ga da gaske yake. Sannan ya rubuta mini sunan ofishin da zan je a kotu.

Na tarar da kotu a garƙame. Ma'aikata suna yajin aiki saboda albashi. Mai gadi ya ce watakila Litinin. Litinin ta zo ta wuce. Kowace safiya in je in tsaya tare da wasu irina a bakin ƙofar: wata mata da mijinta direba ya mutu a hanyar Agadas, wani tsoho mai rigimar gona. Muka saba har muna ajiye wa juna wuri a inuwa. Da rana in koma gida in hau tsohon keken Madam Rahila in yi ta facin kayan yaransu da na maƙwabta, abin da ya shigo in zuba a cefane. Kwana goma sha biyu aka yi kafin a buɗe.

Magatakardan kotu ya lissafo mini abin da ake so: takardar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, kowace da nata tambur, wato kan sarki na kuɗi. Takardar wakilcina ya tura mini ita da bayan alƙalami, wai da Ingilishi take, sai an juya ta Faransanci an buga hatimi. Mushe Yakubu ya samo wani malamin Ingilishi ya yi mana kyauta, hatimin ne ya ci kwana uku. Da na kai duka, magatakarda ya tambaya ko iyayen mamacin na raye. Na ce uwarsa tana nan a ƙauye.

"To magajiya ce. Sai ta zo da kanta, da katinta."

Hanyar Barmu ba kwalta. Motar a-kori-kura ce, mu fiye da ashirin a baya, da buhuna da akuya biyu. Lokacin ana fama da tawaye a arewa, don haka ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen sojoji. Kowa ya sauka, aka jera mu a rana. Kusa da ni wani dattijon Buzu ne da matarsa, tun a tasha ya gutsura mini wani burodinsu da ake gasawa cikin toka, tagilla. Aka duba takardun kowa aka ce mu hau, shi aka ce ya tsaya. Direba ya jira kaɗan, aka yi masa hannu ya wuce. Matar ta hau ta zauna da takalman mijin a cinyarta, don ya tuɓe su a mota. Ba ta yi kuka ba. A wata mararraba ta buga jikin mota, ta sauka ta nufi daji da takalman a hannu. Har yau ban san abin da ya faru da shi ba.

Daga Barmu a amalanken jaki na ƙarasa. Abin da na fara gani a ƙauyen rumbuna ne na laka, manya fiye da ɗakunan kwana, kuma da yawa bakinsu a buɗe, babu komai ciki. Sannan na lura ba maza. Mata, yara, tsofaffi. Duk mai ƙarfi ya tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya. A wurinmu mai cin rani da saukar damina yake dawowa. Nan akwai wanda ya shekara bakwai, ɗansa bai san fuskarsa ba.

Uwar Mushe Idi, Inna Hassu, na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gujiya da lalube, yanar ido ta rufe mata gani. Na yi gaisuwa, ta ɗaga kai.

"Wanga murya ta gidan su Hadiza ce. Lahiya take? Ɗiyan fa?"

Ashe ba wanda ya gaya mata. Na yi niyyar ɓoyewa, na kasa. Ta ajiye kwaryar ta ce, "Ita ta yi jinyar Idi, ita ɗai. Ni ban gani ba, amma an ba ni labari." Ta sa aka dama mini fura, gero ya fi nono yawa. Da na kawo maganar kati ta yi 'yar dariya. Tunda aka haife ta ba ta taɓa mallakar takarda ba, Tawa ma sau biyu ta taɓa zuwa, na biyun ranar da aka kai ta kabarin ɗanta.

Mai gari ya ce irin wannan sai alƙali ya yi mata takardar haihuwa tukuna, da shaidu biyu da za su ce sun san haihuwarta. Aka samo tsofaffi biyu. Ni na biya kuɗin motar mu huɗu. Inna Hassu ta yi amai tun daga Barmu har Tawa, tana riƙe da hannun rigata, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Madam Rahila ta sauke ta a ɗakinta, ta yi mata wanka da ruwan ɗumi.

A kotu magatakarda ya tambaye ta shekarar haihuwarta. Ta ce an ce mata shekarar da fara ta cinye gero. Ya ce wace daga ciki. Ya dube ta sama da ƙasa, ya rubuta wata shekara da ya ga ta dace. Aka ce shaidu su rantse sun san ranar. Ɗayan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Yaro, ita fa ta goye ni." Amma ya ɗaga hannu ya rantse. Aka ce a dawo bayan mako guda a karɓi takarda, sannan a yi kati, sannan a sa ranar zaman magada. Shaidun suka koma, Inna ta zauna.

Cikin wannan jiran wani direban Ƙonni ya kawo mini saƙo daga gida, na baki. Wai Yaya tana gaishe ni, kuma abin ya fashe. Watan da likita ya ba mu ya riga ya cika. Na fita bayan gari wajen tabki na zauna, na rasa ko in koma hannu wofi ko in tsaya. Mushe Yakubu ya biyo ni ya ce, "In ka tahi yanzu, dosiyen ya mutu, duk takardun nan sun tashi a banza. Ka ƙara haƙuri kaɗan." Na tsaya. Wannan shawara ita nake juyawa a raina har gobe, kuma ban taɓa ɗora masa laifi ba.

Wata safiya na fito na tarar da mutane cirko-cirko a bakin titi, kowa da rediyo a kunne. An karya darajar sefa, an raba ta biyu. Ni ban gane ba da farko, tunda takardar jika tana nan jika. Kafin azahar na gane. Masu kanti suka rufe don su sake farashi, kantin magani ya ƙi sayarwa sam. Mushe Yakubu ya zauna a dakali ya ce, "Shekara goma sha ɗaya Idi yana hana kansa nama. Ga shi an raba da shi, ba a ko tambaye shi ba."

Ranar zaman magada ta zo ina da kwana arba'in da shida a Tawa. Alƙalin matashi ne, yana magana da Faransanci ana juya mana. Aka raba yadda addini ya ce: tumuni, ɗaya cikin takwas, ga mata, sudusi, ɗaya cikin shida, ga uwa, saura na 'ya'ya. Wannan na san shi tun a gida, kuma lissafina shi ne rabon yara zai shiga hannun uwarsu, a yi mata aiki da shi, mu biya su daga baya. Sai na ji tafinta ya ci gaba. Tunda marayun ƙanana ne, kuma an fita da su wata ƙasa, rabonsu zai zauna a banki da sunansu har su girma. Ba mai taɓawa sai da izinin kotu.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, uwarsu ce ke mutuwa. In an tambayi yaran me za su ce?"

Alƙali ya amsa da Hausa da bakinsa. Ya ce ya ga marayu da yawa da kawunnansu suka zo da labari irin wannan, kuma ba ya ce ƙarya nake ba. In ina so in kawo takardar likita, a juya ta Faransanci, a sa wata rana. Na tambayi yaushe. Magatakarda ya buɗa littafi ya ce bayan azumi.

Kwana biyu bayan haka mai tabarau ya ƙirgo mana kuɗi. Rabon Yaya jika sittin da 'yan kai. Na Inna Hassu tamanin da biyar. Ya kama yatsanta ya dangwala mata a wurare huɗu, ya sa mata kuɗin a hannu. Muna fitowa, a kan matakalar banki, ta tsaya ta lalubo hannuna ta danƙa mini duka.

"Kai mata."

Na ce, "Inna, rumbunki wofi ne. Na gani da idona."

"Na san abin da ke cikin rumbuna. Ni na ci nawa zamani. Ka ce mata uwar Idi ta gode."

Na roƙe ta ta riƙe ko jika goma. Ta karɓi biyu, kuɗin mota da na goro. Madam Rahila ce ta ce za ta raka ta har gida, ni kuma na kama hanyar kudu a ranar. Mushe Yakubu ya raka ni tasha da ƙunshin cuku, wai a kai wa yara. Muka yi musafaha na shiga mota.

A Ƙonni mai canji ya ƙirgo mini naira, na ƙirga sau biyu. Da a ranar da na shigo ne, da abin da ya ba ni ya kusa ninka haka. Jandarman shinge ko kallona bai yi ba.

Na sami Yaya a ɗakin mahaifiyarmu, an rage mata kaya saboda ko zane ba ta son ya taɓa wurin. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Washegari muka kai ta Sakkwato. Likitan ya duba, ya kira ni waje, ya ce yanzu ya wuce wuƙa, ya shiga hammata da ƙirji. Ya ce abin da ya rage allurar rage zafi ce, kuma tana da tsada. Na ce a rubuta. Abin da ya iso hannun matar Mushe Idi daga ajiyarsa, haɗe da kyautar uwarsa, shi ya saya mata barci na kwana ashirin da uku.

A cikin kwanakin nan ba ta taɓa tambayata nawa na samo ba. Wata rana da hantsi, allura ta kama ta ta ɗan sami sauƙi, ta ce in zauna in ba ta labari. Ta tambayi Rahila, ta tambayi ko bishiyar lemun da Idi ya dasa a gidan hayarsu tana nan. Na ce ban duba ba. Na gaya mata abin da Inna Hassu ta yi a matakalar banki, da saƙon da ta ba ni. Ta rufe ido, hawaye ya gangaro mata ta gefe.

Can ta ce, "Na ɗiyan fa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce alƙali ya hana, na yi iya yina, kuɗinsu na can a kulle har sai sun girma.

"Ba wanda ya taɓa?"

"Ba wanda ya taɓa, Yaya."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Dama ina tsoron ka kashe kuɗɗinsu a kaina."

Ta rasu ranar Laraba, muka binne ta bayan azahar.